Matakala Ashirin Da Biyu

Ranar da ta fara ganinsa haki take yi, littafi a hammata, biro a baki, ga igiyar takalminta ɗaya ta tsinke.

Ƙungiyoyi huɗu ne suka sa ranar haɗuwa: 'yan kasuwar bakin tasha, direbobin motocin haya, masu sharar babban asibiti, da masu lalurar ƙafa. Hukumar gari ce ta fito da wani tsari da ta kira gyaran unguwa, kuma ba wanda tsarin bai taka ba. Za a rushe rumfunan bakin titi, a mayar da tasha bayan gari, a miƙa sharar asibiti ga wani kamfani, sannan a katange tsakiyar titi da ƙarfe a gina gadar sama mai matakala zalla. Shekara da shekaru kowa na kukansa shi kaɗai ba mai saurare, shi ne aka ce a gwada yin kukan tare.

Sai dai zauren taron 'yan kasuwa a saman bene yake, matakala ashirin da biyu, ko abin riƙewa babu. Duk cikin masu shirin ba wanda ya tuna da haka, sai da kekuna goma sha ɗaya suka jeru a gindin benen.

"A ɗauko su mana," in ji wani direba ta taga.

"Mu ba buhunan siminti ba ne," wata murya ta amsa daga ƙasa.

Ciyaman, shugaban 'yan kasuwa, ya waiwaya ya hango 'yarsa. "Auta, ke ce mai ƙarfin ƙafa. Abin da aka faɗa a nan ki sauka ki gaya musu, abin da suka ce ki hauro mana da shi."

A gida Auta ce. A asibiti, inda take sharar ɗakin haihuwa, Sakatariya ake ce mata, don ita ce mai kyan rubutu a cikin masu shara. A saukarta ta shida takalmin ya gaji da ita.

"Miƙo shi nan, Jakadiya."

Mai muryar ɗazun nan ne. Yana zaune a kan keken hannu mai ƙafa uku, sanduna biyu a gefensa, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji, rigarsa kuwa fara tas. Injiniya ake kiransa, don shi ke gyaran kekunan guragu da na masu ƙafa a wata rumfar kwano a tsallaken titi. Ya zaro 'yar waya da filaya daga akwatin da ke ƙarƙashin kujerarsa.

"Jakadiya kuma?" ta ce.

"To me zan ce? Tun ɗazu kina kai saƙo tsakanin mutanen sama da mu."

"An ce kai kana iya hawa da sanduna. Me ya hana ka?"

"Ina iya hawa," ya ce, bai ɗago ba. "Waɗannan goman fa?"

Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana kallon yatsunsa suna murɗa waya, har sai da mahaifinta ya ƙwala mata kira daga sama. Da aka tashi taro Injiniya ya nemi lambarta, wai don a riƙa turo masa abin da aka rubuta. Ita ma ta san ba rubutun taro yake so ba, ta ba shi.

Kafin ta isa gida saƙo ya shigo.

"Jakadiya, takalmin ya kai ki gida ko in rufe shago don kunya?"

"Ya kai ni. Amma wayar na sokar mini yatsa. Injiniyan ƙarya."

"Da gangan na bar ta, don ki dawo gyara."

Ta dawo gyara kuwa. Ta dawo da laimar Mama da ta karye, ta dawo da bokitin asibiti da marikinsa ya cire, wata rana ma ta dawo ba ta da abin gyara ko ɗaya, ta zauna a kan benci tana miƙa masa sifana. Ya koya mata bambancin sifana lamba goma da lamba sha biyu, ita kuma ta ba shi labarin jariran da ta gani ranar. Idan ta yi dariya sai ya manta abin da yake ɗaurewa.

Haɗakar kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Direbobi na cewa 'yan kasuwa ne suka cinye musu titi da tebura. 'Yan kasuwa na cewa hayaƙin motoci ne ke ɓata musu kaya. Masu shara na cewa ku duka ƙazamai ne, mu muka sani. An yi taro guda cur a kan sunan wa za a fara rubutawa a ƙyalle. Duk ranar Asabar Auta na tsakanin sama da ƙasa, kuma sai ta koyi wata dabara: kafin ta sauke magana sai ta wanke ta. Idan wani ya ce, "Mutanen nan sun cika ƙorafi," sai ta sauko ta ce, "Sun ce ku ƙara haƙuri." Idan na ƙasa suka ce, "Gaya musu ba bara muka zo ba," sai ta hau ta ce, "Suna gaisuwa, kuma suna tare da ku."

Injiniya ya gano ta tun da wuri.

"Jakadiyata, kina wanke magana a kan matakalar nan."

"In ban wanke ba, da tuni an watse."

"Na sani. Amma tawa ki riƙa kawo mini da dattinta. Zan iya da ita."

"To, Injiniyana," ta ce. Wannan ne karon farko da ta kira shi haka a gaban idonsa, kuma sai da ta rufe fuska da littafi.

Mama ce ta kai maganar aurensu gaban Ciyaman, bayan ta yi sati tana zaɓen ranar da ransa yake fari. Ba ta dace ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya sa aka kira Auta.

"Gurgun nan mai gyaran keke?"

"Baba, kai da bakinka ka ce mu duka ɗaya ne."

"A lasifika na faɗa. Nan gidana ne." Sannan muryarsa ta sauko. "Ba ƙin yaron nake ba, yana da hankali. Amma ranar da naƙuda ta kama ki, wa zai ɗauke ki? Ranar da wuta ta tashi, ke za ki fitar da shi ko shi zai fitar da ke? Ni na haife ki, dole in yi wannan tunanin."

Da zagi ya yi, da ta samu abin riƙewa. Tsoro ne ta gani a idonsa, kuma ba ta san yadda ake gardama da tsoron uba ba. Ta sunkuyar da kai tana hawaye.

Akwai kuma wanda Ciyaman ya riga ya kwanta masa a rai, wani matashi da wata ƙungiyar masu ba da shawara ta turo ya taya su rubuta takardu. Mai Kwat ake ce masa a bayan idonsa, don ko rana na dafa ƙwai ba ya cire ta. Yana da ladabi, yana da mota, yana kiran Auta "Madam Sakatariya," kuma ya taɓa kawo wa Mama turare. Auta ba ta ƙi shi ba, ba ta dai jin komai idan ya shigo.

Sai da Mama ta yi kwana uku ba ta sakar wa mijinta fuska ba kafin Ciyaman ya ɗan sassauta.

"Bari a gama wannan gwagwarmayar, sai in duba. Amma ki ji da kyau, kada ki kunyata ni a gaban mutane."

Auta ta riƙe wannan "in duba" da hannu biyu. Ta tura saƙo.

"Injiniyana, Baba bai ce e ba, amma bai rufe ƙofa ba. Ka taya ni addu'a."

"Ƙofar da ba a rufe ba ai ta ishe ni, zuciyata. Ni da na saba jira a gindin bene."

Ana saura kwana biyu a kai takardar koke, Mai Kwat ya hau zaure da labari. Hukuma ta yarda ta karɓi takarda, amma buƙata uku kawai za ta duba. Huɗu ne a rubuce: a bar rumfuna, a bar tasha, a bar masu shara a aikinsu, a yi wa gada gangaren da keke zai iya bi.

Kowa ya kalli taga, ba wanda ya kalli ɗan'uwansa.

"Gangaren nan shi ya fi tsada," in ji Mai Kwat a hankali. "In muka bar shi, zai iya jawo a yi watsi da sauran. Mu ci ukun nan tukuna, sai mu dawo musu."

Da aka zo ƙuri'a, shugaban direbobi ya ɗaga hannu. Ciyaman ya ɗaga. Gwaggo, shugabar masu shara, wadda ta yi shekara ashirin da tsintsiya a hannu, ta daɗe tana murza gefen zaninta, sannan ita ma ta ɗaga. Daga baya ta ce wa Auta, "In ba nasu aka cire ba, namu za a cire, 'yar nan. Mu ne na biye da su a rashin gata."

"Bari in sauka in gaya musu," Auta ta ce.

"Ba yanzu ba, Madam Sakatariya," in ji Mai Kwat. "Muna buƙatar kekunansu a sahun gaba jibi. Su 'yan jarida suka fi ɗauka. Bayan an miƙa sai a yi musu bayani."

Ta kalli mahaifinta. Ya kalle ta, irin kallon da ke tuna wa mutum alkawari. "Ki ce musu komai na nan yadda yake."

Ba ta taɓa jin tsawon matakalar nan ba sai ranar. Tana saukowa tana shirya gaskiya a bakinta, ta rantse a ranta za ta faɗa, ko me zai faru ya faru. Da ta iso ƙasa sai ta tarar da su sun baje kwalaye a ƙasa suna rubuta allunan zanga-zanga. Injiniya ne ya kawo fenti daga rumfarsa, kuma allon da ya fara gamawa na masu shara ne. Ya ɗaga mata shi yana murmushi, fenti ja a kumatunsa.

"Ya yi kyau? Me aka ce a sama?"

Ta tuna "in duba." Ta tuna cewa in ta faɗa, kekunan nan za su juya, mahaifinta zai ji kunya a gaban gari, ƙofar kuma ta rufu har abada.

"An ce komai na nan yadda yake," ta ce.

Jibi ya zo da rana mai zafi. Kekuna goma sha ɗaya a gaba, ɗaruruwan mutane a baya, har ƙofar hukuma. 'Yan jarida suka yi ta ɗaukar kekunan kamar yadda Mai Kwat ya faɗa. Sannan ya hau kan bayan wata mota ya karanta takardar da lasifika. Ɗaya, rumfuna. Biyu, tasha. Uku, masu shara. Ya naɗe takardar, aka yi tafi.

Mutanen sahun gaba ba su yi tafi ba. Sun jira ta huɗu, ba ta zo ba.

Injiniya ya juyo da kekensa a hankali yana neman fuskarta cikin taro. Da ya same ta bai yi tambaya ba, fuskar ta riga ta ba shi amsa. Ya jingina allon masu shara da jikin katanga, don kada a taka, ya murza kekensa ya fita. Sauran goman suka bi shi.

Ta kira sau goma sha biyu bai ɗauka ba. Ta rubuta.

"Don girman Allah ka saurare ni. Ba ni na cire ba, ko ƙuri'a ba ni da ita."

Sai washegari amsa ta zo.

"Na san ba ke kika cire ba. Cirewar ba ta ba ni mamaki ba, mun saba. Amma na tambaye ki, kika kalle ni kika ce komai na nan. Kin bar ni na ja mutanena cikin rana don a ɗauki hotonmu. In Mai Kwat ne zaɓin gidanku, Allah ya sa alheri. Kada ki sake wanke mini magana."

Ta karanta a bayan ɗakin haihuwa, inda ake shanya tsummokaran goge ƙasa. Ta zauna a kan bokiti ta yi kuka har Gwaggo ta zo ta ɗaga ta. Abin da ya fi cin ta shi ne ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi ta huta. Ta yi ƙaryar ne don kada ta rasa shi, ƙaryar kuma ita ta raba su.

Hukuma kuwa ta ga abin da take son gani: mutanen da suka iya yar da ɗaya za su iya yar da biyu. Ta fara kiran su ɗaya bayan ɗaya. Direbobi aka fara kira, aka ba su wani fili kusa da kasuwa, suka daina zuwa taro, shugabansu ya daina ɗaga waya. Sai kamfanin shara ya iso da jerin sunayen waɗanda zai ɗauka, babu sunan duk wadda aka gani a zanga-zanga. Gwaggo da Auta da wasu tara suka miƙa rigunan aiki a bakin ƙofa. Mai Kwat ya zo ya yi jaje, ya ce ofishinsu ya mayar da shi wani aikin, ya yi alkawarin zai riƙa kira.

Wata ranar Talata da hantsi motar rusau ta zo. Ciyaman ya tsaya a gaban rumfarsa ta kwanuka, wadda ya yi shekara talatin a ciki, yana ɗaga kwafin takardar kokensu yana cewa maganar na gaban hukuma. Ba wanda ya ko karɓa ya duba. Kafin azahar layin ya zama fili, aka kuma garƙame zauren sama da kwaɗo, wai shi ma yana cikin tsari.

Ciyaman ya dawo gida ya zauna a tsakar gida a cikin tarin kwanukan da aka iya tsamowa. Kwana biyar bai fita ba. Mutanen da rusau ya shafa suna ta zuwa ƙofa suna tambayar ina za a haɗu, me za a yi. Auta na share tsakar gidan da ba ya buƙatar shara, sau uku a rana, don hannunta bai san zama ba.

A rana ta shida saƙon Injiniya ya shigo, amma wayar Ciyaman ya shiga. Ya miƙa wa Auta ta karanta masa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu.

"Baba, ina yi muku jaje. Na ji ba ku da wurin taro. Rumfata ba ta da girma, amma akwai inuwa da benci uku. In kuna so, ranar Asabar."

Ta kasa kai ƙarshe sai da ta tsaya sau biyu. Ciyaman ya karɓi wayarsa ya daɗe yana juya ta.

"Bayan abin da muka yi musu?" ya ce.

Ranar Asabar mutum talatin da 'yan kai ne suka zo, a maimakon ɗaruruwa. 'Yan kasuwa marasa rumfa, masu shara marasa aiki, direbobi biyu da suka zo a ɓoye, da kekuna goma sha ɗaya. Karon farko ke nan da kowa ke jin maganar kowa da kunnensa. Ba ta yi daɗi ba. Wata mata mai keke ta ce wa Gwaggo, "Ni na rubuta allonku da hannuna," Gwaggo ta ce, "Na sani, ki yafe mini." Aka yarda a kan abu ɗaya kawai: daga yau ba a ƙuri'a a kan buƙatar wanda ba ya wurin, kuma ba a zuwa hukuma sai tare. Ba wanda ya yi tafi, don kowa ya san an makara.

Da aka watse Ciyaman bai tashi daga benci ba. Auta na can bakin rumfa, ta kasa shiga ta kasa tafiya.

"Yaro," ya ce, "ni na hana ta faɗa maka. Na ɗaure ta da maganar aurenku. In laifi kake nema, ga ni."

Injiniya ya goge hannunsa da tsumma. "Na yi zaton haka, Baba. Amma bakinta ne ya faɗa."

Sai a nan ta shigo. Ta durƙusa a gefen kekensa, a cikin man inji, ba ta damu da zaninta ba.

"Bakina ne," ta ce. "Tsoro na ji. Na ga in na faɗa zan rasa ka, sai na zaɓi in riƙe ka da ƙarya. Ba ni da wata hujja. Mai Kwat kuwa ko sau ɗaya bai shiga raina ba. Yanzu ba ni da aiki, ba ni da komai, kuma in ka ce in tafi zan tafi."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Har yanzu da ciwo, Jakadiya. In na ce miki ya wuce, ni ma na wanke magana."

"Na sani."

"Amma sati uku ke nan ina ɗaure noti a baibai. Jiya na mayar wa wani kekensa ba birki." Ya ɗago, idanunsa jajur. "Tashi, za ki ɓata zani."

Ta yi dariya cikin kuka. Ciyaman ya kawar da kai yana kallon titi, inda ma'aikata suka riga suka fara kafa ƙarfen tsakiya.

"Na taɓa tambayar ta wa zai ɗauke ta ranar wuya," ya ce. "Ga ni da ƙafafuna biyu, ranar wuyar ta zo, ban ɗauki kowa ba." Ya miƙe da ƙyar. "Ka turo manyanka."

An ɗaura auren bayan wata biyu, ba da wani taro mai yawa ba. A lokacin an gama gadar, matakala zalla kamar yadda aka tsara. Takardarsu ta biyu, mai buƙata huɗu, tana wani ofis ba amsa. Gwaggo na wankau a gidajen mutane, Ciyaman na sayar da kwanuka a kan tebur a ƙofar gida.

Da safen ranar saƙo ya shigo wayar amarya.

"Matata, na share ɗaki sau biyu, amma na san za ki ce bai sharu ba."

"Bai sharu ba, mijina. Ka bar mini, aikina ne."

Gidan Injiniya na tsallaken titi, ana hango rufinsa daga ƙofar gidan Ciyaman. Ta kan gada tafiyar minti uku ce. 'Yan'uwan ango da suka zo tafiya da amarya a kan kekunansu kuwa sai sun zagaya ta can ƙarshen shingen, tafiyar kusan awa. Wata ƙanwar Mama ta ce a hau da amarya ta gada a jira su a can.

"Ba mai hawa," in ji Ciyaman.

Haka aka zagaya gaba ɗaya da la'asar, amarya da mata da tsofaffi da kekuna, a gefen titi motoci na yi musu ham. Gwaggo na tafe tana mitar gwiwarta, ba ta dai tsaya ba.

A ƙofar gidan Injiniya ya fito a kan sandunansa, sanye da fararen kaya. Ciyaman ya kama hannun 'yarsa, ya buɗe baki zai yi irin jawabin da ya saba, sai muryar ta fito 'yar ƙarama.

"Ban iya tsare rumfata ba, ban iya tsare mata aikinta ba. Ita kaɗai ta rage mini, ɗana. Ga ta."

Injiniya ya saki sanda ɗaya, ta faɗi ƙasa, ya karɓi hannun. Ya ɗan yi tangaɗi, Auta ta sa kafaɗarta ta tare shi, suka tsaya.

"Allah ya yi muku albarka," Mama ta ce tana share ido. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku riƙe juna da gaskiya."

Duk wanda ke wurin ya ce amin.